Ranar da Muka Je Bikon Maƙwabcina

Na yi shekaru ina koyar da adabi a wata sakandare a Zariya kafin na zo Amurka. Abin da koyarwa ke bari a jikin mutum shi ne tabbacin cewa duk matsalar da ya gani ya taɓa ganin irinta, suna kawai aka canza mata. Da wannan tabbaci na tare a Sterling, a cikin wasu jerin gidaje da suka jingina da juna, inda jirgin sama ke katse maka hira, ka jira ya gama tasa maganar sannan ka ɗora taka.

Bango ɗaya ya raba mu da wani mutumin Tailan da matarsa. Shi yana aiki a filin jirgi, sashen da ake shirya abincin fasinjoji, ita kuma tana rage tsawon wanduna a wani shagon wanki da guga. Gajeren mutum ne mai fara'a, Ticha yake kirana. Yana da barkono a tukwane a bayan gida, irin wanda ya sa na daina yi wa kowa alfahari da yajin garinmu. 'Ya'yansu sun girma sun watse, kamar namu.

Sai mahaifiyarsa ta rasu a can ƙasarsu, kuma kafin ya sami hutu an riga an yi mata abin da suke yi wa mamaci. Na shiga na yi masa ta'aziyya. Ya yi godiya, ya ba ni shayi, ya kuma yi godiya. Daga nan mutumin ya fara dusashewa. Barkonon ya bushe a tukwane. In na fito da safe sai in gan shi zaune a mota, inji a kashe, shi bai tafi ba, shi bai koma gida ba. Matarsa ta ce ba ya barci, abinci ma sai ta tsaya a kansa.

Wata rana ta shigo da labari cewa zai shiga gidan ibadarsu na addinin Buddha. Al'adarsu ce, in ji ta: ɗa namiji yakan aske kai, ya sa tufafin 'yan zuhudu na ɗan lokaci, ladan ya tafi ga mahaifiya, shi kuma zuciyarsa ta kwanta. In lokacin ya cika ya tuɓe ya dawo gida ya ci gaba da zama mijin wata.

"Ai i'itikafi ne," na ce da maiɗakina bayan ta fita. "Sai dai su har da gira suke askewa."

Na ji daɗin wannan bayani ƙwarai, irin daɗin da malami ke ji in ya sami akwatin da zai jefa abu a ciki ya rufe. Abin da na manta shi ne i'itikafi yana da ranar fita, ana ganin wata kowa ya naɗe tabarmarsa. Na maƙwabcina da lokacinsa ya cika sai aka ce ya ƙara. Da ƙarin ya ƙare aka ce ya sake ƙarawa.

Duk wannan lokaci matarsa kullum da sassafe, kafin ta tafi shago, sai ta ɗauki kwanonin abinci ta kai can. Ta durƙusa ta ajiye, don ba ta da damar miƙa masa hannu da hannu, ta sunkuyar da kai, shi kuma ya yi mata addu'a irin wadda zai yi wa kowace baƙuwa. Wata yamma ta shigo kicin ɗinmu da niyyar nuna wa maiɗakina yadda suke turara shinkafa, sai ta ɓuge da kuka a kan tukunya. Ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin fuskarsa a kwance haka ba, kuma tana murna. Ta ce tsoronta kada ya ƙi fitowa gaba ɗaya, don akwai masu shiga na ɗan lokaci su tsufa a ciki. Kuma ba ta da bakin magana, don a wurinsu macen da ta janyo mutum daga wannan hanya ta ɗauki babban alhaki. Saboda haka kullum sai ta yi masa murmushi ta juyo.

Ta roƙi maiɗakina kada kowa ya ji. Na ji kafin a kwashe shinkafar.

"To ni me ya sa nake ji?" na tambaya.

"Don nauyin ya ragu a kaina. Ba cewa na yi ka yi wani abu ba. Malam, dube ni nan. Ba cewa na yi ka yi wani abu ba."

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, a wurin ajiye motoci na masallaci, inda ake yanke yawancin hukuncin al'ummarmu, na ba mutum biyu labari. Ɗaya dattijonmu ne, likitan zuciya mutumin Katsina, wanda tun da ya yi ritaya yake yawo yana neman rigimar da zai sasanta. Ɗayan abokina ne mutumin Damagaram, mai jigilar fasinjoji zuwa filin jirgi, wanda bai taɓa jin magana ya bar ta ta wuce shi ba.

Likita ya saurara yana shafa gemu, kamar mai karanta hoton ƙirji.

"Ya bar gida?"

"Ya bari, Alhaji."

"Ya koma wurin manyansa?"

"To, kusan haka."

"Ita tana so ya dawo, amma nauyi ya hana ta faɗa?"

"Haka ne."

"Malam, kai da karatunka. Ai wannan yaji ne."

"Namiji ne fa, Alhaji."

"Amurka muke."

"Bon," in ji mutumin Damagaram da Faransancinsu na can. "In yaji ne, biko za a yi. Ni ke da mota."

Da zan so in ce na yi gardama, amma ban yi ba. Na ga dai an sake samar mini akwati, wanda ya fi na farko girma, na shiga ciki da kaina.

Likita ya tuna mana ƙa'idojin biko kamar mai bitar darasi kafin jarrabawa. Ba a zuwa da kayan aiki, sai da babbar riga. Ba a zuwa hannu rabbana. Ba a zuwa da safe kamar masu tuhuma, sai rana ta yi sanyi. Abu mafi muhimmanci, ba a binciken wa ke da laifi. Wanda ya zo biko shi ke ɗaukar laifin, ko akwai ko babu, ya shimfiɗa shi a gaban manya ya ba da haƙuri. Ban ga dalilin sanar da matar ba, tun da dama ba a tafiya biko da mai laifi. Maiɗakina kuwa na ce mata za mu gaida wani maras lafiya, wanda in an bi ta wata fuska ba ƙarya ba ce.

Ranar Asabar bayan la'asar muka kama hanya da goro da dabino da dambun nama. Muka wuce waɗannan manyan gine-gine marasa taga da ake tara bayanan kwamfuta a ciki, muka shiga karkara. Gidan ibadar tsohon gidan gona ne da aka yi wa kwalliya, an lanƙwasa ƙarshen rufin sama an shafa masa ruwan zinariya. A bakin ƙofa muka tarar da takalma a jere.

"Wannan kam mun iya," in ji Likita, ya tuɓe nasa da ƙarfin gwiwa.

Da ya leƙa babban zauren ya ga ƙaton mutum-mutumi a zaune, sai ya ja baya ya raɗa mini cewa shi fa a nan ba zai zauna ba. Wata dattijuwa mai shara ta dubi hulunanmu, ba ta tambaye mu komai ba, ta kai mu wani ƙaramin ɗaki na gefe inda suke karɓar baƙi, babu komai a ciki sai darduma da wani ɗan dandamali. Muka zauna a ƙasa.

Babbansu ya shigo, tsoho siriri da tabarau, ya hau dandamalin. Bayansa maƙwabcina, cikin mayafi ruwan goro, ba gashi ba gira. Na daɗe ina kallonsa. Mutumin da na bari a mota da inji a kashe ba shi ne wannan ba. Kafaɗunsa sun sauka, idonsa ya daina yawo. Ya dube ni ya yi ɗan murmushi, na ji a raina cewa abin da ya fi dacewa shi ne mu ajiye goron mu ce wucewa muke yi. Amma Likita ya riga ya yi gyaran murya.

Nan muka ci karo da matsalar da ba mu yi tanadinta ba. Likita ya fi ni Turanci, amma ya ce biko ba ya yiwuwa da Turanci, harshe ne da ba shi da wurin durƙusawa. Saboda haka shi zai yi da Hausa, ni in juya. Tsohon kuma Turancinsa bai wuce na gaisuwa ba, kuma a wannan yammacin babu mai juya masa zuwa harshensu sai mutum ɗaya. Haka aka yi maƙwabcina ya zama tafinta a bikon kansa.

Aka fara da gaisuwa. Likita ya tambayi tsohon gajiya, ya tambaye shi sanyi, ya tambaye shi jama'a, duk suka bi ta bakina suka bi ta bakin maƙwabcina suka dawo lafiya. Sannan ya tambaye shi iyali. Amsa ta dawo cewa shi tun yana saurayi ya shiga wannan hanya, bai taɓa aure ba.

"Allah Sarki," in ji Likita. "Allah Ya kawo ta gari."

Wannan ban juya ba.

Muka gabatar da kaya. Tsohon ya ɗauki goro ɗaya ya shinshina, ya ce ya tuna masa da wani abu da tsofaffin ƙauyensu ke taunawa. Sauran kuwa ya ce a ba dattijuwar ta ajiye sai gobe, don su ba sa cin abinci in rana ta raba.

"Kullum?" in ji mutumin Damagaram. "Malam, tambaye shi, kullum? To su azumin nasu a juye yake ke nan. A ci da rana a kama baki da dare. Wannan ko ni zan iya."

"Kai ba ka iya komai da ya shafi kama baki ba," in ji Likita. Ya miƙe ƙafafu saboda ciwon gwiwa, tafin ƙafarsa na kallon tsohon. Maƙwabcina ya yi mini alama a hankali cewa ba a yin haka. Likita ya naɗe su, kuma zafin da ya ji ya ƙara wa muryarsa wata rawa da ta dace da jawabin da ya biyo baya.

"Gaya masa mun zo ne a madadin 'yarmu."

Na gaya wa maƙwabcina, ya gaya wa tsohon, tsohon ya tambaya wace 'ya.

"Matar wannan bawan Allah. Gaya masa duk abin da ta yi, ta yi kuskure. Yarinta ce."

Matar tana da jika. Na juya duk da haka. Maƙwabcina ya ɗaga wurin da girarsa take a da, sannan ya juya shi ma, da murya a daidaice kamar mai karanta labarin yanayi.

"Gaya masa ta yi nadama. Ta yi alkawari za ta gyara halinta, mu ne shaida. In ta sake, kada ya zo nan, ya zo wurina. Muna roƙo a dubi girman Allah, a dubi furfurata, a ba mu shi mu tafi da shi."

A tsakani ya jero karin magana kusan rabin abin da ya sani. Na bar su a wurina, don na san in suka ratsa harshe biyu ba za su isa da rai ba. Sauran na miƙa, na zauna ina kallon mutum yana bayyana wa malaminsa, cikin ladabi, cewa ga dattijai sun zo roƙo a kore shi gida.

Tsohon ya saurara da kyau. Ya tambaya me matar ta yi.

"Ba a tambayar wannan," in ji Likita, ya ɗan ɓata rai. "Malam, su ba su da biko ne a ƙasarsu?"

Tsohon ya ce shi bai riƙe kowa ba. Da ƙafarsa ya shigo, ƙofar da ya bi tana nan ba a sa mata kwaɗo ba. Ya ce kuma shi bai ga alamar ɓacin rai a tsakaninsu ba, don matar kullum tana zuwa da abinci, tana murmushi, tana cewa ya zauna iyakar yadda zuciyarsa ke buƙata.

Mutumin Damagaram ya daɗe yana motsi a wurin zamansa. Nan haƙurinsa ya ƙare.

"Murmushi? Doktoro, ku bar zagaye-zagayen nan. Matarsa kuka take yi a kicin ɗin Malam. Tsoro take ji ba zai dawo ba, kuma ta ce addininsu ya hana ta faɗa. Wala, shi ke nan maganar. Malam, juya."

Na dubi Likita, ya dubi silin. Ina iya binne wannan kamar yadda na binne addu'ar auren tsohon. Amma ita kaɗai ce maganar gaskiya da aka yi tun da muka tuɓe takalma, sai na juya ta yadda take, ban ƙara ba, ban rage ba.

Maƙwabcina ya buɗe baki ya fara miƙa wa tsohon. Ya yi 'yan kalmomi, sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannayensa. Tsohon bai nemi a ƙarasa masa ba. Ya jira, sannan ya ce masa wani abu gajere a hankali, wanda babu wanda ya juya mana.

Sai aka kaɗa ƙararrawa a waje. Tsohon ya ce lokacin zaman shirunsu ya yi, in muna so mu zauna kaɗan kafin mu kama hanya. Babu yadda za a yi ɗan biko ya ƙi tayin mai gida. Likita ya zura hannu a aljihu ya kama carbinsa. Mutumin Damagaram ya danne wayarsa da cinya tana ta kuka a ƙarƙashinsa, fasinjoji na nema. Ni kuwa na zauna ina istigfari, ina da dalili. A cikin shirun nan na gane abin da ya riƙe maƙwabcina, don ko ni da na zo da laifi na ji natsuwa ta sauko mini. Kuma na gane cewa mu uku, da rigunanmu masu sitaci, mun shigo mun taka abin da mutumin ya sha wuya kafin ya samu.

Maƙwabcina ne ya raka mu bakin ƙofa. Ina neman takalmina ya ce, "Ticha, abin da na zo nema na fara samu. Ina tsammani kyauta nake samunsa. Ban san akwai mai ɗauke da nauyinsa a gida ba."

Na ce ya yafe mana. Ya ce in gaida Madam.

A mota Likita ya ce shi ya gamsu. "Gidan mutunci ba a ba da amsa a zuwan farko. Tsohon nan ya san abin da yake yi. Ka dai rage mini karin magana, Malam, ina kallon bakinka."

Maiɗakina ta ga babbar riga, ta ga ba kwanon dambu, ta tambaya yaya mai jiki. Na gaya mata gaskiya a tsaye. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai daga yau in tana da magana za ta gaya wa firiji, don shi in an rufe shi yana rufuwa.

Maƙwabcina bai dawo washegari ba, ba kuma a satin ba. Matarsa ta ci gaba da kai abinci, ta daina amsa gaisuwata. Abin da suka ce wa juna a can ban sani ba, kuma a karo na farko a rayuwata ban bincika ba. Na yi ta fargaba kada ya zama mun raba shi da natsuwarsa ba mu mayar mata da miji ba. Sai da ganyen itatuwa ya fara ja, alamar sanyi ya kusa, wata safiya na fito da kwandon shara, na gan shi a bayan gida da wando da riga, kansa ya fara toho, yana zubar da busasshiyar ƙasa daga tukwane. Ya ce ya roƙi malaminsa izini ya tuɓe. Ya ce zai riƙa komawa kowace Lahadi, tare da ita. Na tambaye shi barci. Ya ce wani dare yana zuwa, wani dare ba ya zuwa, amma yanzu in bai zo ba akwai wadda yake gaya wa.

Muna cikin haka matar ta fito, ta tsaya a bakin shinge da hannu a ƙugu.

"Ticha, an ce na yi alkawari zan gyara halina."

Na ce haka ne, an yi wannan maganar.

"A gaban babban malaminmu."

Na ce yana wurin.

"Wane halin?"

Na yi mata bayani cewa a tsarinmu ba a fayyacewa, akan bar wurin a buɗe. Mijin ya duƙa a kan tukunya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

"To na zaɓa," in ji ta. "Daga yau abin da ke raina zan riƙa faɗa. Da kai zan fara."

Ta fara. Ta bi ta kan maza masu ɗaukar maganar kicin su kai masallaci, ta bi ta kan likitan da ya kira ta yarinya, ta bi ta kan dambun nama da dattijuwar ta kwana tana tambayar ko auduga ce. Turancinta bai taɓa gudu haka ba. Jirgi ya taso daga filin ya rufe mu da ƙara, ta yi shiru ta jira, ni ma na jira da kwandon shara a hannu. Da ya wuce ta ɗora daga inda ta tsaya.